Malam Sharhabil da Allurarsa ta Lalube

Jawabin da Malama Zuwaira Sabo ta karanta a taron tunawa da marigayi Malam Sharhabil Idris, a Unguwar Kanawa, Kaduna, a madadin iyayen yaran da ya yi wa takalma.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah ya ƙara girma. Allah gafarta Malam, limamin masallacin da marigayi ya tsaya a sahunsa na gaba shekara da shekaru. Malaman makarantar koyon sana'a da ya koyar a cikinta shekara talatin da ɗaya. Hajiya Bilkisu, mai ɗakin marigayi, malamata. Fahad ɗan marigayi, kai da ƙannenka. Iyaye mata 'yan'uwana da kuka tura ni gaba kuka koma baya kuka zauna. Ina gaishe ku duka, ina yi mana ta'aziyya.

Idan na yi tuntuɓe a karatun nan ku yi min haƙuri. Yadda aka yi har na iya shi ma yana cikin abin da na zo faɗa.

Mu da muka zo daga Rigasa da Kawo da Tudun Wada ba mu san Malam a aji ba. A gareji muka san shi, bayan ya yi ritaya. Ya kasance mutum ne da bai iya zaman banza ba. Kuɗin sallamarsa, maimakon ya sauya mota kamar yadda Hajiya ta so, sai ya sayo wani ɗan inji da bai fi keken ɗinki girma ba, ya ɗora a kan tebur. Kwamfuta ke ba injin umarni, shi kuma ya sassaƙa itace ko roba daidai da yadda aka ce masa. Baki biyu gare shi da ake sauyawa. Ɗaya na yanka ne. Ɗayan kuwa wata siririyar allura ce mai ɗan jan dutse a tsininta, bai kai ƙwayar dawa ba. Ita ce Malam yake kira allurar lalube.

Ba ta yanka, ba ta huda. Sauka take a hankali, da ta taɓa abu sai ta tsaya, wata 'yar fitila ta yi ja, kwamfuta ta rubuta tsayin wurin. Sai ta ɗaga, ta matsa kaɗan, ta sake sauka. Haka za ta yi sau dubbai, awa biyar, awa shida, har siffar abin ta fito a allon kwamfuta da kowane tudu da kowane kwari. Da wannan Malam yake yi wa yaran da ƙafarsu ta karkace shimfiɗar cikin takalmi. Sai ya kwafi ƙafar da garin fi'ofi, irin wanda ake silin da shi. Idan kwafin ya bushe allura ta lalube shi, sannan bakin yanka ya sassaƙa roba mai laushi daidai da tafin ƙafar nan, ba na kowa ba.

Ya kasance ba ya taɓa ƙafar yaro sai ya ga takardar likita. Ya kasance idan uwa ta fara kwance bakin mayafi, sai ya ce, "Ki saya masa safa mai kauri, ita ce ladana." Ya kasance yana tsokanar yaranmu har su manta abin da ya kawo su.

Yanzu zan faɗi nawa. Ban taɓa faɗinsa a gaban jama'a ba.

Juwairiyya autata ce, don haka bakina yana iya kama sunanta. Tana da shekara sha tara Keke Napep ya kife da su a hanyar makaranta. Ƙashin ƙafarta ta hagu ya haɗe a karkace, wani ƙullutu ya fito a gefen tafin, kuma a kansa take takawa. Wurin ya zama gyambo. Likita ya gaya min a fili: idan ba a ɗauke nauyi daga kan ƙullutun nan ba, ciwon zai kai ƙashi, idan ya kai kuwa sai an yanke ƙafar. Wata ma'aikaciyar asibitin ce ta yi mana kwatancen gidan nan.

Ranar da muka zo, Malam ya dubi ƙafar ya dubi Juwairiyya, ya ce, "Ke da ƙafar nan taki wa ya fi wani taurin kai?"

Ta ce, "Baba, ai ita ce. Ni tun tuni na haƙura."

Ya ce, "To yau za ta haɗu da gamonta."

Ya kwafi ƙafar. Watan Agusta ne, ruwa ba ya ɗaukewa, garejin duk danshi. Juwairiyya kuma asibiti za a mayar da ita don wankin ciwo. Sai ya naɗe kwafin a jarida ya miƙo min da wata 'yar takarda, ya ce, "Maman Juwairiyya, je ki da shi gida ya bushe. Ga bayani nan na rubuta, ki duba."

Na ce, "To, Malam."

Ban iya karatu ba a lokacin, ko baƙi ɗaya, kuma kunya ta hana ni faɗa. Amma ba kunya kaɗai ba ce, gaskiya har da girman kai. Ni 'yar maginan tukwane ce. A cikin shanyar tukwane na buɗe ido. Na ce a raina, me takarda za ta koya min a kan shanya? Na ƙulle ta a bakin zane.

Da na kwance jaridar a gida sai ga ƙafar 'yata fara fat, ga ƙullutun ya yi tsini yana kallona. A gidanmu, tukunya ba ta fita da ƙullutu. Mahaifiyata ta sha fasa tukunyar da na gina saboda haka. Na ce yaya zan mayar wa babban mutum abu haka da kaushi? Kuma, Allah ya sani, ban so kowa ya ga aibin 'yata da girmansa. Na ɗauki wuƙa na rage tsinin. Ban cire shi duka ba, kaɗan na kankare. Na yayyafa ruwa, na sa dutse mai sulɓi na goge har wurin ya yi sheƙi. Na koma da shi ina jin na yi abin kirki.

Ido bai gane ba, har na Malam. Allura kuwa abin da ta taɓa shi ta rubuta. Aka sassaƙa shimfiɗar, ramin da ya kamata ƙullutun ya zauna a ciki bai kai zurfi ba. Kwana biyar Juwairiyya tana takawa, ran na shida muka cire safa ta jiƙe da jini. Likita ya ce mako biyu ya ba mu, idan ciwon bai fara sauƙi ba sai an yanke ƙafar.

Jama'a, a nan ne na san ko wane ne Malam Sharhabil. Bai tambaye ni komai ba. Bai ce yarinya ce ta yi yawo ba. Allurarsa ya zarga, da kansa. Ya kwance ta ya wanke ya mayar. Ya ɗora gilashi ta lalube. Ya ɗora kwabo ta lalube. Ya ɗauko wani guntun ƙarfe da ya san awonsa tun yana makaranta, ta lalube. Duk daidai take fitarwa. Kwana uku yana wannan, ni kuma kullum ina zuwa ina zama a kan benci, bakina a rufe. Ina jinsa yana yi wa allurar magana: "Ko dai ke ce, ko dai ni ne. Faɗa min mana."

Rana ta uku bayan la'asar, akwai mata biyu a bencin da yaransu, ya fito ya ce musu su yi haƙuri su tafi. Ya ce, "Idan allurar nan tana ƙarya kuma na kasa gano inda take yi, ba ni da ikon in sake taɓa ƙafar ɗan kowa." Ya ɗauko tsohon zanen gado zai lulluɓe injin.

Sai na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Malam, ba ita ba ce. Ni ce. Na goge."

Ya tsaya da zanen a hannu. "Kin goge me?"

"Ƙullutun. Na ga ya yi muni."

Ya ce, "Ba ki duba takardar ba?"

Na ce, "Ban iya ba, Malam."

Na sunkuyar da kai ina jiran abin da na cancanta. Sai ya cire hularsa ya zauna a kan kujera, ya ce, "Shekara talatin da ɗaya ina koyarwa, na miƙa wa mutum takarda ban tambaye shi ba. Wannan nawa ne, Maman Juwairiyya." Ya juya ya dubi allurar ya ce, "Ke kuma yi haƙuri, kwana uku ina yi miki ƙazafi." Ya ɗauko kwafin ya shafa da babban yatsa, ya kai shi bakin taga, ya ce, "Amma fa an iya shafe! Ko injin nan bai yi wannan ba. Hannunki yana da wurin aiki a nan, sai dai bayan allura ta gama, ba kafin ta fara ba."

A ranar, da izinin likita, ya je asibitin da aka kwantar da Juwairiyya da bokitinsa ya sake kwafar ƙafar. Hajiya ta shanya kwafin a kicin ɗinta kusa da kurfoti, da fanka a kansa. Ranar da za a lalube ya ce in matso da kujera in zauna in gani. Ana tsaka da aiki aka ɗauke wuta, ya ciro batirin motarsa ya haɗa, allura ba ta tsaya ba. Ina kallo tana sauka tana ɗagawa, har ta iso kan ƙullutun nan. Ba ta kauce masa ba, ba ta yi saurin wucewa ba. Yadda ta taɓa lafiyayyen wuri haka ta taɓa shi. A allon kwamfuta ya taso kamar dutse a tsakiyar fili. Malam ya nuna da biro ya ce, "Ga shi nan. Abin da kika ɓoye shi muke nema. Idan ba mu san girmansa ba, ba za mu iya yi masa wuri ba."

Mako biyar gyambon ya kame. Ba a yanke ƙafar ba.

Ya kasance idan kuskure ya faru sau ɗaya, ba ya barin ƙofar da ya shigo a buɗe. Daga ranar kwafi bai sake barin gidan nan ba. Daga ranar bai sake miƙa wa uwa takarda ba sai ya karanta mata da baki, ko da digiri gare ta. Wata ma'aikaciya daga Unguwar Rimi ta taɓa ce masa, "Malam, ai na iya karatu." Ya ce, "Na sani, Hajiya. Ni ne nake bita." Kuma shi ya ce wa mai ɗakinsa, "Matan nan awa shida suke zama suna kallon allura. Ke kuma ga allo kin jingine tun da kika bar koyarwa a firamare." Haka aka fara aji a gindin mangwaron tsakar gida. Allura tana lalube a gareji, mu muna laluben baƙi da wasali a waje. Mu sha ɗaya muka fita da karatu a hannun Hajiya Bilkisu. Ina da shekara arba'in da shida na rubuta sunana.

Hajiya, ba mu da abin da za mu ce da ke wanda zai cike ɗakin nan da ya yi miki faɗi. Amma ki sani, duk yaron da ya taka ƙasa ba tare da kuka ba, da zafin kicin ɗinki a ciki. Ki daure. Mu 'yan ajinki ne, ba za mu bar ki ki zauna ke kaɗai ba, ko kin kore mu.

Fahad, kun san ni da fargaba. Tun ranar jana'iza hankalina yana kan kantar garejin nan, domin akwai kwafi huɗu a jere da allura ba ta kai kansu ba, kowanne da uwa a bayansa tana ƙirga kwana kamar yadda na ƙirga. Jiya ka kira Juwairiyya, wadda mahaifinku ya koya wa injin nan shekara biyar yana ce mata Injiniya, ka ce mata makulli yana nan a ƙusarsa. Allah ya yi maka albarka. Allah ya ba ka masu yi maka. Jibi za ta kunna, ni kuma ina nan da dutsena, zan jira sai allura ta gama.

Juwairiyya, tashi tsaye. Ku dube ta. Da ƙafarta ta shigo.

Takardar nan da na ƙulle a bakin zane ban yar da ita ba. Malam ya gaya min abin da ke ciki da baki, amma bai faɗi duka ba. Sai bayan shekara biyu na zauna ni kaɗai na haɗa baƙaƙen. Ga ta, zan karanta muku:

"A shanya a inuwa kwana uku. Kada a goge, kada a kankare, a bar shi yadda yake. Maman Juwairiyya, ki kwantar da hankalinki ki ci abinci. In sha Allahu za ta taka."

Mun gode, Malam. Ta taka.

Mun gode wa duk wanda ya baro aikinsa ya zo, da waɗanda suka shimfiɗa tabarmi, da waɗanda suka dafa. Ya Allah, bawanka Sharhabil ɗan Idris ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya rufa mana asiri ranar da muka yi kuskure, ka rufa masa nasa. Ranar da ƙafafu za su zame a kan siraɗi, ka tabbatar da tasa. Ka ba iyalinsa haƙuri, mu kuma idan tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.

Wassalamu alaikum warahmatullah.