Kai Ɗaya, Haraji Biyu

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Akwai tambayar da na kasa amsawa har yau: don me Ubangiji ya jinkirta taimakonsa sai da aka rufe maigidana da ƙasa? Ban sani ba. Duk da haka ina da shaida. Ban yi makaranta ba, Rahila ta Zumuntar Mata ce ke rubutawa, ni ina faɗi ina share hawaye.

Maigidana, Baban Ishaku, direba ne a wata ma'aikatar gwamnati a Doka. Ɗanmu Ishaku ya rasu tun yana goye, Allah bai ƙara ba mu wani ba, amma sunan ya zauna. Kowane wata kafin albashi ya shigo hannun maigidana an riga an cire haraji. Da rayuwa ta yi tsada a zamanin soja, sai ya sayi tsohon injin niƙa ya kafa a rumfa, ƙofar gidan da muke haya a Unguwar Dosa. Ya ce wannan injin shi ne ɗanmu, shi zai riƙe mu a tsufa.

Wata rana mutanen haraji suka zo, suka ce niƙa ma sana'a ce, ya je ofis a yi lissafi. Shi kuwa a ƙauye ya tashi, inda mai unguwa ke ƙidaya magidanta, kowa ya biya kuɗin kansa sau ɗaya a shekara. Sai ya cire hula ya sunkuya musu.

"Ku duba da kyau, samari, kai nawa gare ni? Ɗaya ne, kuma gwamnati tana aske shi duk wata."

Suka yi dariya, suka tafi. Bai je ba. Ni ma iyakar sanina ke nan, kai ɗaya haraji ɗaya.

Da suka gaji da jira, suka yi ƙiyasi da kansu. Sun ga layin mata da kwanuka, suka ɗauka duk abin da ke shigowa namu ne. Suka ɗora a kan albashi, suka haɗa da shekarun baya. Abin da suka yanka, ko injin muka sayar ba zai biya ba. Suka sa wa rumfar kwaɗo.

Wayyo, 'yan'uwa! Mutumin da ko gishiri bai taɓa ci bashi ba, ga sunansa a bakin unguwa. Ya daina barkwanci, ya daina cin abinci. In ya taso daga aiki sai ya zauna a benci yana kallon kwaɗon. Hawan jini ya kama shi, ya faɗi a wurin aiki. Daga asibiti bai dawo ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da Allah. Na daina zuwa sujada. Matan zumunta suka zo gaisuwa, na ce su tafi da waƙoƙinsu. Mai gidan haya ya fara zagayowa, hatsi ya ƙare a buhu.

Wata safiya na fita shara, na tsaya a bakin rumfar. Na durƙusa a ƙasa. Na kama kwaɗon na ce, Yesu, ɗana yana wurinka, mijina yana wurinka. Ban iya lissafi ba, kai ka iya. In ka bar ni, wa zan kama?

A makon nan maƙwabciyata Hajiya Binta, wadda take kawo mini niƙan dawa, ta shigo da mijinta Malam Sani, akawu ne. Ya zauna a tabarma yana tambayata kuɗin dizal, da gyara, da bel ɗin injin, da hayar rumfa. Na gaya masa abin da na tuna.

"Maman Ishaku," ya ce, "harajin yanzu ba na kai ba ne, na abin da mutum ya samu ne. Gaskiya ne ana haɗa albashi da sana'a wuri ɗaya, amma riba ake haɗawa, ba ciniki ba. Sannan a cire abin da aka riga aka yanka a albashinsa."

Ya raka ni ofishin. Suka sake lissafi, abin da ya rage matan da na kora suka tara shi a Lahadi ɗaya. Wani ma'aikacin ofishin ya ce da marigayi ya zo tun farko, da ba a kai ga kwaɗo ba. Na yi kuka a gabansa kamar ranar jana'iza.

An buɗe rumfar. Da injin nan nake ci har yau. Na gode wa Yesu da ya ɗauke ni daga bashi, ya ɗauke ni daga fushi. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ko da amsarsa ta zo a lokacin da ba ku gane ba. Ku masu albashi da sana'a kuma, in an kira ku, ku je.

Baban Ishaku bai ga ranar ba, amma ya fi ni ba da gaskiya. A gadon asibiti, bakinsa ya karkace, sai da na kai kunnena kusa. Ya ce, "Saratu, ranar da suka buɗe rumfar, kar ki tayar da injin da sauri. Ki fara zuba masa baƙin mai, ya daɗe bai sha ba."