Babur Mai Fushi

A bakin kasuwar Diffa, ɗan kabu-kabu ya ɗaure buhun geron wani dattijo a bayan babur, ya haye. Ya buga, babur ya ƙi tashi.

"Baba, babur ba ya lalacewa, fushi yake yi. Tun lokacin dokar hana hawa babur na jingine shi. Tura mu lallashe shi."

Dattijon ya tura har rigarsa ta jiƙe.

"Ɗana, ko tari bai yi ba. Ka wanke karbureta kuwa?"

"Tsaf take, Baba. A garin Gagamari na binne ta, don kada a ce babur ne."

"To yanzu ina za mu?"

"Gagamari mana. Ba can ka ce in kai ka ba?"

Dattijon ya dubi buhunsa, ya naɗe hannun riga, ya ci gaba da turawa.