Yis ɗin da Maiɗakina Ke Sa wa Karfasa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Malam Sabi'u daga Ƙarfi.

Muna kiwon karfasa a kwamin siminti a tsakar gida, kuma maiɗakina ce ke haɗa musu abinci. Takan jiƙa yis ɗin burodi a ruwan ɗumi, ta yayyafa wa abincin, ta shanya a inuwa. Ta ce yana gyara musu ciki. Ban taɓa tambayar ta awon ba, na ɗauka kullum tana nan.

Da daminar nan Allah ya yi mata rasuwa, yaranmu kuma duk suna Kaduna. Na gwada da kaina, na kwaɓa da yawa na ɗaure a buhu. Washegari ya yi tsami, kifin suka ƙi ci. A garinmu kowa tarwaɗa yake kiwo, babu wanda zan tambaya.

Don Allah wanda ya sani ya faɗa a shirin nan: cokali nawa ake sa wa mudu ɗaya? Ina saurare. Har yau idan na fito da kwano, a gefen da take tsayawa kifin suke taruwa.