Wayar da ke Kuka a Aljihun Gawa

Tunkiyar mahaifiyata aka sayar a kasuwar Yako aka yi min kuɗin mota. Ku matso yara, ke Hauwa ajiye wannan tsinken. Motar albasa na hau a Kwanar Dangora, kwana biyu sai ga ni a Ikko, garin da kowannenmu sunansa "aboki", ko da furfura a gemunsa.

Dako nake yi wa wani mai shagon shinkafa, Oga muke ce masa. Wata Talata da hantsi na turo baro, sai ga mutum kwance a bakin kwata, riga jiƙe da jini. Soke shi aka yi. Mutane na ratse shi kamar kududdufi. Mai suyar doya ta ja kaskonta gaba kaɗan, ta ci gaba da ciniki.

Na ce, "Oga, a kira 'yan sanda mana."

Ya ce, "Kira, su ce ka zo ka yi sitatimen." Ni da na zaci wani abinci ne, ashe ba da bayani ne a ofishinsu. "Wanda ya shiga yin sa, shi ne ya yi kisan. Kai ba ka ga komai ba."

Motar 'yan sandan ma ta wuce sau biyu. Suka rage gudu, suka leƙa, suka ƙara mai.

Washegari wani ya rufe fuskar da kwali. Takalman sun yi ƙafa. Amma akwai 'yar ƙaramar waya a aljihunsa, jini ya bushe a kanta, ba wanda ya taɓa. Da azahar ta fara kuka. Duk hayaniyar kasuwar nan, wallahi kowa na jin ta. Ba mai kallon wani.

Rana ta uku da ta sake kuka, na kasa daurewa. Na tsuguna, na toshe hanci, na zaro ta, na amsa.

Muryar tsohuwa ce, da Hausarmu ta nan, har ina jin kukan zabi a bayanta. "Sale? Sale, kwana biyu ina kira. Ka ci abinci kuwa?"

Na ɗaga kai. Layin kasuwar gaba ɗaya ya tsaya cik, ana kallona. Na kashe wayar, na mayar masa, na goge hannuna da ƙasa.

Bayan la'asar motar shara ta ɗauke shi.

A makon na dawo gida, ko tsaraba babu. Yara, magana ɗaya tsohuwar nan take bukata daga bakina, cewa Sale ya rasu, ta yi kukanta, a taru a yi wa ɗanta addu'a. Ni kuwa na hana ta.