Gyaɗar Gayaunar Ɗana

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri. Iyaye mata masu saurare, ku yi hattara da maƙwabciyar da ta fi ku sakin fuska ga 'ya'yanku.

Daga Adabka nake rubutowa. Yarona ɗan fari ne, saboda haka ban taɓa kiran sunansa ba, kamar yadda aka tarbiyyantar da mu. Bana mahaifinsa ya yanka masa gayauna, ya shuka gyaɗa. Ni nake tashinsa noma, ni nake cire masa ƙaya. Ranar da ya tone gyaɗar, ina jiran ƙwaryar farko, sai ya wuce da ita ruga, wurin wata Bafulatana mai ba shi kindirmo.

Da ya dawo na ce, "Kai wannan, ina rabona?"

Ya ce, "Na kai ma Inna ta ruga. Ita tana kiran sunana."

Malam, abin yana ci mini rai. Ashe ludayin kindirmo ya fi goyo? Masu saurare su faɗa mini.

Na dai kafa doka: duk abin da gona ta bayar, ƙofar ɗakina zai fara sauka, kuma ni kaɗai za a kira Inna.