Kaskon Turaren Kaltume

Umaru: Salamu alaikum. Naila ce?

Naila: Wa alaikumus salam, Yaya Umaru. Ina wuni? Ya jiki?

Umaru: Jiki da sauƙi. Ya Samaru, ya yara, ya angon naki?

Naila: Duk lafiya. Ya zaman asibiti?

Umaru: Sai godiya. Ya zafi?

Naila: Lokacinsa ne. Wai injin markaɗe aka kai muku ɗakin? Da ƙyar nake jin ka.

Umaru: Maƙwabcin gadona ne, Callistus mai walda. Shi ke ba da baitin tari, sauran ɗakin su amsa. Jiya wani mai gashin tsire ya yi tari ɗaya tak, fankar sama ta juya, alhali babu wuta.

Naila: Ka fara ko? Ga asma ga ƙarya, da wanne ƙirjinka zai ji?

Umaru: Zo ki gani. Rabin Sabon Gari na nan kwance, 'yan acaɓa, masu gidan burodi, masu kwana da janareto a bakin taga. Wani bawan Allah tun safe yake kan benci yana kallon gadona kamar mai jiran a sauke tukunya. Yau za a sallame ni.

Naila: Alhamdu lillahi.

Umaru: Dakata da hamdalar. Likita ya tambaye ni me ke gidana, da kullum nake warkewa a nan, in koma, in dawo ina fito kamar butar shayi. Na ce babu komai sai mace tagari. Ya sunsuna rigata, ya yi atishawa har gilashinsa ya faɗi. Ya ce turaren wuta ne. Wai in na ƙara shaƙa, ƙirjin nan ba zai ɗauka ba, kuma gado ba lallai a samu ba.

Naila: To ka gaya wa Yaya Kaltume mana.

Umaru: Ni? Ni da na rantse mata ƙamshin turarenta na biyo daga kasuwar Sabon Gari har ƙofar gidanku na nemi aurenta? Duk matar da ta zo saye sai ta ba ta labarin nan. Ni ne allon tallarta.

Naila: Shi ya sa ranar sallamarka take turara ɗaki, da labule, da matashi.

Umaru: Har hula. Ki taimaki mijin yayarki. Ki je gidan yanzu ki ɓoye kaskon, ki ce kyanwa ta fasa shi.

Naila: Ba ku da kyanwa.

Umaru: Muna da ita da. Hayaƙi ya kore ta, tana Palladan yanzu, har ta yi ƙiba.

Naila: Ai ni ina gidan naku ma. Kasko dai ba ya nan.

Umaru: Allah ya yi miki albarka. Me kike so in sayo miki?

Naila: Ba ni na ɗauke ba. Yaya ta ce ɗakinku na asibiti warin magani yake, kuma ba za ta bari mutanen da suka yi jinya da mijinta su rabu da shi ba ta fita kunyarsu ba. Ta ɗauki sabon haɗi, ta cika kasko da garwashi, ta shiga keke.

Umaru: Yaushe?

Naila: Tun bayan la'asar. Ka ga yau sai ka faɗa mata da bakinka, gaban shaidu.

Umaru: Zan faɗa. Wallahi yau zan... Callistus, ja bargo ka rufe kai. Ga ta nan a bakin ƙofa.

Naila: Faɗa mata, ina ji.

Umaru: Gimbiya, sannu da zuwa. Kai, wannan ƙamshi... sabon haɗi ne?

Naila: Yaya Umaru? Yaya Umaru, kai ke ba da baitin yanzu? Halo?