Ɗakinmu Zai Koma Shago

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Sunana Hajara, daga Sabo a Ibadan. Wallahi tsoro ne ya sa na rubuto.

Ran Talata ina tsakar gida na ji a rediyo 'yan majalisa suna muhawara kan ƙayyade kuɗin haya. Har na yi guɗa, don hayar ta gallabe ni da maigidana mai sayar da albasa a kasuwar Bodija. Sai ga Baba onile, wanda muke haya a gidansa. Ya kira ni da sunan 'yata, ya ce, "Iya Amina, in dokar nan ta tabbata, shaguna zan mayar da ɗakunan nan. Ku fara neman wuri."

A ɗakin nan na haifi 'ya'yana huɗu, a nan nake suyar awara. Na zaga har unguwar Mokola, ko ɗaki ɗaya ban samu ba. Yanzu ko ƙofa aka ƙwanƙwasa sai in ɗauka takardar tashi aka kawo.

Masu sauraro, don Allah ku ba ni shawara. In ya kawo takardar tashi, ina zan nufa da yarana?